Bazazzagi, Wa Ya Ba Ka Fatawar Kashi Talatin?

Gaisuwar ubangida zuwa ga yaron gidansa. Bazazzagi, sannu da aiki, in har abin da kake yi a shagon nan naka ya cancanci sannu. Na san tun daga layin farko ka haɗe rai kana tambayar wa ye ubangidan. Sai ka je tashar garinku ka tambayi direbobi, su gaya maka wa ke sammako ya zo Kano sari, wa kuma ke zaune a Kantin Kwari yana jiran a kawo masa kuɗin. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Labari ne ya iso mini, ba daga baki ɗaya ba, cewa zanen fosta da katin biki ya yi maka kaɗan, yanzu har fatawa kake bayarwa. Wai ka tara yaran shagonka kana karantar da su cewa duk hoton da mutum ya tsinta a intanet, in ya canza kashi 30 cikin 100, shi ke nan ya zama nasa halak malak, ko a gaban alƙali.

Ikon Allah. Dama ku Zage-zagi ba a raba ku da ƙaƙale. Garin da kowa in bai zama farfesa ba to maƙwabcin farfesa ne, ai dole mai buga banna ma ya ji yana da mazhabarsa. Abin da nake so ka gaya mini shi ne a wane littafi ka gano kashi 30 ɗin nan, da kuma yadda kake aunawa. Cire bayan hoto kashi nawa ne? Juya fuskar mutum daga dama zuwa hagu fa? In ka ƙara wa tumatir ja, biyar ne ko bakwai? Ka kawo babi da shafi, tunda ku ne masu cewa kome sai da nassi.

Na ga aikin da fatawar ta haifa, domin kai da kanka ka turo mini hotonsa kana jiran yabo. Wani gidan abinci ne ya ba ka kwangilar fileks. Ka shiga Google ka rubuta gasasshiyar kaza da Turanci, ka zaɓo wadda ta fi maiƙo, ka sauke. Ka yanke teburin da take kai, ka ɗora ta a kan launin ruwan ɗorawa, ka zuba mata wani hayaƙi na ƙarya wai ta fito daga wuta. Don a kasa gane ta sai ka juya hoton, ka manta akwai kwalbar yaji a gefe, yanzu rubutun jikin kwalbar daga dama yake farawa, duk mai wucewa sai ya karkata kai. Sannan tambarin kamfanin da ya mallaki hoton, wanda suka shimfiɗa a kansa don maganin irinku, ka bi shi da magogin Photoshop kana dirza har cinyar kazar ta yi dabbare-dabbare. Duk da haka in mutum ya matso kusa, haruffa uku na ƙarshen sunan kamfanin suna nan a kan fiffike. A ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe, ga sunan shagonka da lambar wayarka. Wato ka yi ɓarnar, ka kuma bar wa masu bincike adireshi don kada su sha wahala.

To ka saurara, yaro. Babu wata doka, a Nijeriya ko a wani wuri, da ta ce kashi 30, ko 10, ko 70. Zancen bakin shago ne da masu zane suka gada daga juna, kowa na cewa ya ji a wajen wani. Mu a Kano muna da marina a Ƙofar Mata, tun kakanninka ba su san launi ba. In ka zari farar rigar wani daga igiyar shanya ka kai musu, za su tsoma maka ita a baba ta fito shuɗiya, masu bugu su buge ta har ta riƙa ɗaukar ido. Ranar Juma'a mai riga ya gan ta a jikinka, ya gane ɗinkin wuyansa da ƙonuwar da dutsen guga ya yi wa aljihu. Sai ka ce masa me? Ai ta canza fiye da rabi? Kuɗin rini ka kashe, wannan gaskiya ne, amma riga ta mai ita ce.

Haka dokar take kallon abin. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta lissafa hoto cikin ayyukan fasaha, ta kuma keɓe wa mai shi wasu abubuwa da ba mai yi sai da izininsa: kwafa, bugawa, yaɗawa ga jama'a ta intanet, da kuma sarrafa aikin a mayar da shi wani abu. Ka ji na ƙarshen? Gyaran nan da kake taƙama da shi a matsayin hujja, shi kansa yana cikin abin da sai an nemi izini. Kuma haƙƙin ba sai an yi masa rajista ba. Daga lokacin da mai kyamara ya danna, hoton nasa ne, ko ya sa tambari ko bai sa ba, ko ya rubuta gargaɗi a ƙasa ko bai rubuta ba. A dokarmu kariyar hoto tana kai shekara 50, zanen hannu kuwa har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Goge tambari ko bayanin mai aiki daga jikin hoto kuma laifi ne mai zaman kansa. In kana tunanin mai kazar Bature ne, dokar Nijeriya ba ta san shi ba, to akwai yarjejeniyar Berne ta 1886 da ƙasar nan ta shiga a 1993, wadda ta sa ana kare aikin baƙo kamar yadda ake kare na ɗan gida.

Na san halinka, maganar Bakano ba ta shiga kunnenka sai an haɗa da sunan Bature. To ga Andy Warhol. Wannan mutumin, a watan Mayu na 2022 an sayar da zanensa ɗaya na Marilyn Monroe a kan dala miliyan 195. Ka lissafa katin biki nawa za ka buga kafin ka kai nan, in kwamfutarka ba ta ɗauke ba. A 1981 wata mai ɗaukar hoto, Lynn Goldsmith, ta ɗauki mawaƙin nan Prince. A 1984 mujallar Vanity Fair ta biya ta dala 400 don a ba wani mai zane hoton ya yi aiki da shi sau ɗaya tak, aka kuma rubuta sunanta. Mai zanen shi ne Warhol. Ya yanke hoton ya bar fuska kawai, ya baje ta, ya zuba launuka masu ƙarfi, ya zagaye ta da layuka. Maimakon ɗaya, sai ya yi guda 16. Warhol ya mutu a 1987. Da Prince ya mutu a 2016, kamfanin da ke da mujallar ya biya gidauniyar Warhol dala 10,000 ya ɗora ɗaya daga cikin zanukan, mai ruwan lemo, a bangon wata fitowa ta musamman. Matar da ta ɗauki hoton ba a ba ta ko sisi ba, ba a ma ambaci sunanta ba.

Shari'a ta yi ta hawa har Kotun Ƙolin Amurka. Ranar 18 ga Mayu, 2023, alƙalai bakwai suka ba matar gaskiya, biyu suka saɓa. Don kada ka ce na yi maka algus, kotun ba ta ce zanen Warhol ba fasaha ba ne. Abin da ta duba shi ne amfanin da aka yi da shi: hoton matar ana sayar wa mujallu don su nuna fuskar Prince, zanen Warhol ma an sayar wa mujalla don ta nuna fuskar Prince, an kuma karɓi kuɗi. Kasuwa ɗaya suka shiga, da kayan mace ɗaya. Yanzu ka dawo kan kazarka. Wanda ya ɗauke ta ya ajiye ta ne don masu tallan abinci su saya. Kai kuma ka yi me da ita? Tallan abinci. Warhol ya canza launi da siffa har masana suna rubuta littattafai a kai, bai sha ba. Kai hayaƙi ka ƙara.

Misali na biyu ma ya fi kusa da sana'arka, tunda na ji kana ta wasa wuƙa kana jiran kakar zaɓen 2027 ka ci kuɗin 'yan takara. Ka tuna fostar Obama ta 2008, mai launin ja da shuɗi, ya ɗaga kai yana hangen nesa? Shepard Fairey ne ya zana ta, kuma da wuya a sami fostar siyasa da ta kai ta suna a wannan zamani. Shi ma a intanet ya samo hoton. Wani mai suna Mannie Garcia ne ya ɗauka wa kamfanin dillancin labarai na AP a watan Afrilun 2006, a wani taro kan rikicin Darfur, Obama yana sanata. Da AP suka ce a biya su, Fairey ya riga su zuwa kotu a 2009. Sai ya yi abin da na tabbata kai ma za ka yi: ya ce ai ba wannan hoton ba ne, wani ne daban wanda Obama ke zaune da ɗan fim George Clooney, domin in wancan ne, za a ga ya yi canji mai yawa. Da ya ga za a gano, ya goge wasu bayanai daga kwamfutarsa, ya ƙirƙiro wasu. Asiri ya tonu. Rigimar hoton an sasanta ta a farkon 2011, amma ƙaryar ta zama shari'a ta daban. A 2012 aka yanke masa shekara biyu ƙarƙashin sa ido, da aikin al'umma na awa 300, da tarar dala 25,000. Mutumin da zanensa ke rataye a gidan adana hotunan manyan Amurka ke nan. Kai in aka ba ka awa 300 na shara, daga Ƙofar Doka za ka fara ko daga Tudun Wada?

Hujjarka ta biyu na san ta, domin duk Bazazzagi hujja biyu yake yawo da ita, ko da ta farko ta faɗi. Za ka ce ai a fili ka gan shi, ba a kulle ba, kowa na iya saukewa. Google ba shi da hoto ko ɗaya a cikin waɗanda yake nuna maka. Nuni yake yi, ya ce ga shi can a shafin wane, har yana rubuta maka a ƙasa cewa mai yiwuwa akwai haƙƙin mallaka a kai, sai dai kai idonka ba ya ganin ƙananan rubutu sai in na kuɗi ne. An yi wannan shari'ar ma an gama. Wata ɗaliba a Jamus ta sauke hoton birnin Ƙurɗuba na Sifaniya, garin su Imamu Ƙurɗubi mai tafsiri, daga wani shafin tafiye-tafiye da ba a kulle ba. Ta sa a aikin makaranta, har ta rubuta inda ta samo, makarantar ta ɗora aikin a shafinta. Mai hoton, Dirk Renckhoff, ya ce shi wancan shafin kaɗai ya ba izini. A watan Agustan 2018 Kotun Tarayyar Turai ta ce gaskiyarsa: izinin da aka ba wani shafi ba izinin duniya ba ne, mai son sake ɗorawa sai ya nemi nasa. Yarinya ce 'yar makaranta, ba ta sayar da kome ba, ta kuma faɗi inda ta ɗauko. Wannan ya kashe hujjarka ta uku tun kafin ka haife ta, wato wai in ka rubuta sunan mai hoto a gefe ka fita. Ambaton suna haƙƙinsa ne dabam, izini ma dabam, ɗaya ba ya biyan bashin ɗaya.

Akwai ƙofofin da doka ta bari a buɗe, ba na ɓoye maka. Nazari da bincike da ba na kasuwanci ba, sharhi da suka, ba da labari, koyarwa a aji, har da barkwanci da zambo, in an yi su bisa adalci ba a kashe wa mai aiki kasuwa ba. Ƙofar zambo tawa ce, da ita zan zana ka da ƙaton kai da ƙaramar hula in na ga dama. Babu ƙofar tallan kaza a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi da kai shi ne halal tana nan birjik, kai ne dai ba ka son ta. Akwai Unsplash da Pexels da Pixabay, inda masu hoto suka yarda da kansu a ɗauka kyauta, a gyara, har a yi talla. Akwai Wikimedia Commons, kowane hoto da sharaɗinsa a ƙasa. Akwai lasisin Creative Commons da aka fara fitarwa a 2002, mai 'yan haruffan da ko ɗan firamare zai haddace: BY ka ambaci mai shi, NC ban da kasuwanci, ND kada ka yaɗa shi in ka taɓa shi da gyara, SA abin da ka ƙera da shi kai ma ka sake shi bisa sharaɗi iri ɗaya, CC0 kuwa mai shi ya yafe duka. Ku da kuke haddace Ishiriniya tun kuna yara, 'yan haruffan nan ne za su gagare ku? Google ɗin ma yana da wurin da ake tace sakamako ta hanyar lasisi. In kuma kwangilar mai tsoka ce, Shutterstock da Adobe Stock da Getty suna sayarwa, ka sa kuɗin cikin lissafin kwastoma, ka ajiye rasit. Amma ka karanta abin da ka saya. Wasu hotunan an rubuta na aikin jarida ne kawai, ba a talla da su ko ka biya.

Sai maganar fuskar mutane, inda ka fi ɓarna. Na ga allon da ka yi wa wata makaranta mai zaman kanta. Yara huɗu suna dariya, ka fenta musu rigunan makarantar, ka manta ɗayan yana naɗe da mayafin sanyi na ulu a wuya, bayansa kuma ga ragowar wata bishiya da ba ta taɓa tsirowa tsakanin Zariya da Funtuwa ba. 'Ya'yan wasu ne fa. Ko da mai kyamara ya yafe nasa haƙƙin, bai yafe na wanda ke cikin hoton ba. A 2007 kamfanin waya na Virgin Mobile a Ostireliya ya ɗauko hoton wata yarinya 'yar shekara 16 daga Texas a shafin Flickr, mai lasisin da ya yarda da kasuwanci, ya yanke shi, ya sa masa kalaman shaƙiyanci, ya manna a tashoshin bas. Iyayenta suka kai ƙara. Kotun Amurka ta kori ƙarar don ba ta da hurumi a kan kamfanin wata ƙasa, amma sunan kamfanin ya sha ƙasa a jaridun duniya. Kai da kake ɗauko hoton amaren mutane daga Instagram kana tallan masu kwalliya da shi, babu teku tsakaninka da mijin.

Kuma kada ka zaci biya kaɗai ya isa in ba a buɗe ido ba. Hukumar gidan waya ta Amurka ta sayi hoto da kuɗinta daga Getty, ta buga kan sarki a 2010 da fuskar mutum-mutumin 'yanci na New York. Sai daga baya wani mai tara kan sarki ya lura ba na New York ba ne, kwaikwayonsa ne da ke gaban wani otal na caca a Las Vegas, wanda wani mai sassaƙa, Robert Davidson, ya yi, ya kuma sassauta wa fuskar yadda ta zama tasa. An buga kusan biliyan 5. A 2018 kotu ta ce a biya shi dala miliyan 3.5. Gwamnatin Amurka ke nan, da lauyoyinta. Wato hoto ɗaya yana iya ɗaukar haƙƙin mutum uku: wanda ya ɗauka, wanda aka ɗauka, da wanda ya ƙera abin da aka ɗauka.

Yanzu na hango bakinka yana motsi. Za ka ce Bakano ba shi da bakin magana, mutanen da suka kwashe labaran fina-finan Indiya har da rawar. An yi, ba wanda ya musa, malaman jami'a ma sun rubuta a kai. Amma ka ji kukan da 'yan fim suka yi lokacin da masu kwafar faifai, daga baya masu tura fim a waya, suka cinye musu kasuwa? A ranar kowa ya san sunan abin satar fasaha. Za ka kuma jawo Abubakar Imam, ka ce ai shi ma ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa. Na farko, labaran da ya ɗebo a shekarun 1930 masu su sun daɗe a ƙasa, sun zama na kowa, kamar yadda hoton Zariya na zamanin Lugga yake na kowa a yau. Na biyu, ya narka su ya sake zubawa har Bahaushe ya rantse a garinsu aka yi. Na uku, Imam ɗan Kagara ne, a Katsina ya yi karatu. Aro kuka yi, kuma har yau ba ku mayar ba.

Hujjar ƙarshe ita ce ta marasa kunya: wa zai gan ni a Zariya? Da can da gaskiyarka. Yanzu kai ne kake ɗaukar hoton kowane aiki ka ɗora a Facebook da Instagram kana neman kwastoma. Mai hoto yana jefa hotonsa a Google Lens ko TinEye, su zaƙulo masa wuraren da ya bayyana, kuma yanke gefe ko canza launi ba kullum yake ɓatar da su ba. Akwai kamfanoni irin su Pixsy da Copytrack da ba su da sana'a sai wannan farautar, su aiko maka da takardar neman kuɗi su ɗauki kasonsu. Ko ba a kai ka Babbar Kotun Tarayya ba, ko Hukumar Haƙƙin Mallaka ba ta leƙo shagonka ba, ƙorafi kaɗan ya isa a sauke aikin, in ya maimaitu a rufe shafin gaba ɗaya. Mabiyan nan da kake yi mana gori da su, rabinsu 'yan'uwanka ne, a dare ɗaya za su tafi.

Kuma tunda kai mutumin birnin ilimi ne, bari in zo maka ta inda ba ka da mafita. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a ta'adda a kanta. Ka je zaurukan malaman cikin birni ka karanto baiti ka ce naka ne, ka ga yadda za a dube ka. Mutanen da ba sa karɓar magana sai an ce wane ya ji daga wane, su ne suka haifi mai goge sunan mutane da magogi. Kai kanka, ranar da wani shago ya kwafi katin bikin da ka zana, ya cire lambarka ya sa tasa, wa ya hana mu barci da kira? Har cewa ka yi Allah ya isa. Shi ma ai ya canza launin furen.

Abin kunyar ma a garinku ne aka yi wa kwaikwayo tawaye. A 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce sun gaji da maimaita zanen Turawa, za su koma su ɗebo daga na gida. Har yau duniya tana kiran su 'yan tawayen Zariya. Baƙi ne suka zo suka yi muku suna, ɗan gari kuma yana can yana satar kazar Turai. Kana zaune kusa da dutsen Kufena, da masallacin da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19, da zanen bangon fada, da dawakan hawan sallah da Turawa ke biyan kuɗin jirgi su zo ɗauka. Wayar da ke aljihunka ta fi kyamarar da aka ɗauki Prince da ita iya aiki. Mai gidan abinci ya gasa kazarsa, ka ajiye ta kusa da taga da hantsi, ka ɗauka. Mai makaranta ya nemi izinin iyaye a rubuce, ka ɗauki ɗalibansa na gaske. In hoton wani ya burge ka, ka tura masa saƙo ka tambaya, da yawa za su yarda da kuɗi kaɗan ko da ambaton suna kawai, ka adana amsar. Na san tambaya tana yi wa Bazazzagi wuya, domin tana nufin akwai abin da ba nasa ba.

Ku kuma masu kai masa aiki, 'yan takara da masu makarantu da masu gidajen abinci, ban da ku a wasan da ke tsakanina da shi, don haka zan gaya muku kai tsaye. Duk hoton da ya sa muku a allo, ku tambaye shi ina ya samo, ya nuna muku rasit ko lasisi ko izinin mai shi kafin ku cika masa kuɗi. Sunanku ne a sama da manyan baƙaƙe, ku ne kuke cin ribar tallan, kuma in takardar lauya ta zo, ƙofarku za ta fara ƙwanƙwasawa. Shi a lokacin zai ce muku ya tafi Samaru ɗaurin aure, wayarsa kuma ba caji.